Littattafan Giyar da ke Akwatin Malam

Baffa, da kai nake, ko da yake na san ƙannenka ma za su karanta. Rubutuna na makarantar yaƙi da jahilci ne, in ka ga harafi ya karkace ka miƙe shi da kanka. Na ɗauki biro ne maimakon in kira ka, don kai ɗan fari ne, ban saba doguwar magana da kai ba, kuma na san halinka: kafin in kai tsakiya za ka ce "to Umma," ka tashi da ra'ayinka yadda ka zo da shi.

Ranar da kuka buɗe akwatin ƙarfen babanku bayan sadakar arba'in, ina daga ɗaki na ji ƙarar murfin da ka mayar da sauri. Ka kori ƙannenka waje, ka zo ka durƙusa a bakin ƙofata kana magana ƙasa-ƙasa.

"Umma, akwai wasu littattafai a kayan Malam. Ina ganin gara a ƙone su tun kafin wani ya gani."

"Na san da su."

"Umma, na giya ne fa. Har da hotuna."

"Na ce na san da su. Ni na yi musu riga da takardar siminti."

Ka ɗago ka dube ni, abin da ba ka saba yi ba, sannan ka tashi ka fita. Ban ga laifinka ba. Sunan ubanka kake son karewa, kuma a shekarar da abin ya faru ko rarrafe ba ka gama ba. Mutanen garin nan kuma sun yi mana kara, ba wanda ya taɓa ba ku labarin. Amma ashanar da kake shirin ƙyastawa an taɓa miƙa wa Malam irinta, shi ya sa nake so ka ji yadda aka yi kafin ka yanke shawara.

Kun san ni 'yar Gwarzo ce, kuma kakarku Inna da abin sha aka san ta: zoɓo, kunun zaƙi, lamurje. A gindin murhunta na girma. Tana da doka ɗaya da ba a takawa, wato ba a zubar da ragowa. Abin da ya kwana a gindin randa, a kansa ake zuba sabo. Takan ce zubar da abin da aka sa wa sukari almubazzaranci ne, kuma ragowar jiya ita ke ba na yau ɗanɗano. Da aka kawo ni wannan ƙauye namu na tsakanin Kabo da Gammo, cikin kayan ɗakina har da randarta ta zoɓo, baƙa ƙirin a waje, ciki kuwa ja wur saboda daɗewa. Gwaggona ce ta rungumo ta a cinya a bayan a-kori-kura tun daga Gwarzo, don kada ta fashe. Na ci gaba da sana'ar a gidan aurena, da randar da dokar duka.

Babanku kuwa, ku kun san shi da furfura da sanda, ni na san shi siririn mutum mai saurin tafiya, da safe yana makarantar allo ta gidansu, da yamma yana Islamiyya. Ya ɗan taɓa boko kafin mahaifinsa ya dawo da shi gida, don haka yana iya karanta Turanci, a hankali, da yatsa a kan layi. Halinsa ɗaya da ya fi ba ni dariya ya kuma fi ba ni haushi shi ne, tambaya ba ta kwana a kansa. In akuya ta ƙi cin dusa, sai ya bar abincinsa ya je ya tsuguna a gabanta yana nazari. A shekarar da nake ba ku labari tsohon Limamin Juma'ar garinmu ya rasu gab da azumi, na'ibi ke jan sallah, kuma kowa ya san bayan sallah Malam za a naɗa. Ba a faɗa a fili ba, amma mata sun fara ce mini matar Liman a gidan biki. Ina cewa su bari, alhali daɗi nake ji har cikin raina.

Azumin ya faɗo a tsakiyar bazara, irin zafin da kaji ma sai sun buɗe baki. Ba wuta a garin a lokacin, balle firji. Zoɓona nake aikawa zaure, inda maza ke taruwa shan ruwa da Malam, saura a sayar a ƙofar gida. Cikin masu zuwa akwai Kofur, tsohon soja da ya dawo gida ya tuba ya kama noma, mutum mai barkwanci wanda ba ya ɓoye abin da ya yi a baya. Wata rana an kira Magariba, ina bayan ƙofar zaure zan miƙa ƙosai, na ji ya kurɓa ya yi gyaran murya.

"Malam, a gai da uwargida. Zoɓon nan ya tuna mini bariki."

"Da me, Kofur?"

"Sansana ka ji. Ka ga 'yan ƙwayoyin nan da ke tasowa? Bai kai ba tukuna, amma ya kama hanya. In ya ƙara kwana, Allah Ya yafe mana, na san inda zai sauka."

Aka kwashe da dariya. Muryar Malam ce kaɗai ban ji a ciki ba. Da aka idar da sallah ya shigo, ko zama bai yi ba, ya wuce wurin randa, ya ɗaga faifan da ke kai, ya sunkuya ya kasa kunne. Ni ma na matso. Tana wani ɗan sauti kamar ana suya daga nesa. Na sha jin sautin nan tun ina yarinya, Inna takan ce zoɓo ne ke nuna.

"'Yar Gwarzo," haka yake kirana, "a zubar da wannan."

"Duka? Malam, sukarin da ke ciki fa?"

"Mutane sun wuni ba ci ba sha saboda Allah, sai su buɗe baki da abin da nake shakka, kuma daga gidana?"

Na zubar ina ƙunƙuni. Na wanke randar na haɗa sabo, bai daɗe ba shi ma ya soma irin sautin. Malam ya duƙufa a kan littattafansa na fiƙihu. Ya samo hukunci sarai: abin sha mai zaƙi in ya tafasa da kansa ba wuta, ya yi kumfa, an shiga haɗari. Ya kuma ga malamai sun karhanta jiƙa irin waɗannan abubuwa a cikin duma. Amma me ke sa shi tafasa, kuma yaya za a hana shi, bai samu ba. Ya tambayi Kofur, Kofur ya ce shi sha kawai ya iya a zamaninsa, amma ya taɓa ganin Turawa da littattafai musamman a kan abin, a gidan shaƙatawar hafsoshi. Washegari Malam ya hau motar Kano da azumi a bakinsa. Ya dawo bayan La'asar leɓɓansa a bushe, da ƙunshi a hammata. A wurin wani mai shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa ya samo su.

Su ne ukun nan da ka gani. Na san ba ka tsaya ka duba su ba, to bari in gaya maka abin da ka rufe. Babban, mai koren bango, an zana masa curin inabi da ruwan zinariya. Takardarsa mai kauri ce, ta yi launin man shanu saboda tsufa, kuma kowane hoto an rufe shi da wata 'yar takarda shara-shara, sai ka hura ta take ɗagawa. Ƙaramin ja na 'yan kasuwar abin ne: yadda ake ajiya, yadda ake lodi a jirgin ruwa, yadda ake gane gangar da ta lalace tun daga ƙwanƙwasa ta. Na ukun ba shi da bango, gara ta ci gefensa, taswirori ne a ciki na tuddai da koguna. Duk sun girmi Malam, wataƙila sun girmi mahaifinsa ma.

"Malam, na mene ne?"

"Na giya ne."

"Innalillahi! A watan azumi? A gidan nan?"

"Ba giyar na sayo ba, 'yar Gwarzo. Wanda ya san yadda ake tada ta, shi zai gaya mini abin da ke kashe ta."

Bai taɓa haɗa su kanta ɗaya da littattafan addini ba, akwatin ƙarfen nan ya ware musu. Da yake makaranta na hutun azumi, kullum da hantsi yana zaure da su, ƙamus a gefe. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma sun shiga raina. In ya shigo yakan nuna mini hotuna: mata da kwanduna goye a baya suna tsinkar inabi a jere, kamar mu a gonar barkono, wani tsoho ya kara kunne a jikin ganga, daidai yadda Malam ya yi wa randata. Yana fassara mini yana girgiza kai. Ya ce mutanen nan sun san ƙasar kowane tudu, sun san wanda rana ke fara bugawa, mutum zai dasa kurangar da jikansa ne zai ci amfaninta, kuma ya rubuta duk abin da ya lura da shi don na baya. Akwai inda marubucin ya cika shafi guda yana kwatanta ƙanshin abin da ke cikin kofi ɗaya, Malam ya yi dariya har da hawaye.

"Allah Ya ba su haƙuri da tsafta, sun kai su inda ba lada," in ji shi. "Da muna kula da alwalarmu yadda suke kula da gangarsu, da mun wuce haka."

Yadda ya karanta su shi ne abin da har yau nake jinjina masa. A juye ya karanta su. Duk abin da littafin ya ce a kiyaye, shi za mu yi. Duk abin da ya ce a yi, shi za mu guje wa. Ya bayyana mini cewa wasu 'yan halittu ne da ido ba ya gani, dangin yis ɗin da ake sa wa fanke, suke cin sukari su mayar da shi abin maye. Suna zaune a jikin ɓawon 'ya'yan itace, suna son ɗumi, wuta na kashe su. Littafin ya ce kada a kuskura a tafasa ruwan, mu sai mu tafasa sosai. Ɓawon abarbar da nake jefawa don ƙanshi bayan na sauke tukunya ya koma shiga tun a kan wuta, sukari ma haka. A zuba da zafinsa cikin kwalaben da aka ɗauraye da tafasasshen ruwa, a toshe, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu a inuwa. Har nan ba mu sami saɓani ba. Sai wata rana ya shigo da koren littafin a rufe, yatsansa a tsakanin shafi, ya tsaya a kaina ina tankaɗe.

"Sun ce in kana so sabon haɗi ya tashi da wuri, ka rage na jiya ka zuba a ciki. Sun kuma ce tsohuwar ganga ta fi sabuwa, don abin yana zama a jikinta, wanki ba ya fitar da shi."

Ya dubi randar Inna. Ni ma na dube ta. Wato abin da uwata ta koya mini don tsoron Allah, don kada a yi almubazzaranci, shi ne ainihin dabarar masu giya. Shi kuwa idanunsa har sun ciko, amma ba don randa ba. Duman nan da malamanmu suka karhanta tun da can yake tunawa, yau ga Bature ya faɗi dalili bai san ya faɗa ba.

Ban yarda a taɓa randar ba sai da izinin mai ita. Muka tafi Gwarzo. Malam ya durƙusa daga nesa kamar yadda suruki ke yi, ya yi ta kewaye-kewaye, ni na gaji na faɗa mata kai tsaye. Inna ta ce a nuna mata hoton. Ta kai littafin kusa da ido, ta ƙura wa tsohon nan mai kunne a ganga.

"Nasara ne ya rubuta?"

"Nasara ne, Inna."

"To, ya san randa. Ni shekara da shekaru in nawa ya yi tsami da bazara, baki nake cewa an yi mini, har na daina gaisawa da maƙwabciyata. Allah Ya yafe mana abin da muka shayar ba da sani ba. Ku zuba gero a randar."

Ita ce wadda kuka taso kuna ɗiban gero a cikinta a kusurwar ɗakin girki. A wannan zuwan ne kuma na aiki ƙanena kasuwar Gwarzo a ɓoye, na ce ya zaɓo mini farin rawani mai laushi, wanda ya fi kowanne kyau. Na linke shi a ƙasan adudu, sai ranar naɗi in fito da shi.

Ana gab da sallah Dagaci ya aiko wakilinsa don ya yi wa Malam albishir ɗin limanci. Wakili ya yi sallama a zaure, Malam ya amsa hankalinsa na kan ƙamus, koren littafin a buɗe a gabansa. Wakili ba ya karanta Turanci, amma hoton ba ya bukatar karatu: wani ƙaton Bature ne mai jan kumatu, ya ɗaga kofi sama, ganguna jere a bayansa. Aka gaisa, aka tambayi iyali da azumi da zafi. Wakili ya ce wucewa ya zo yi ya leƙo, ya sa takalmansa ya tafi da albishirinsa. Kafin a sauko daga Idi magana ta zaga gari. Da ta kai kasuwar Kabo ta dawo, cewa ake Malam giya yake dafawa a randa, har Kofur ya ɗanɗana ya shaida. Wasu iyaye suka hana 'ya'yansu komawa makaranta. Kwalabena suka riƙa wuni a ƙofar gida ba mai taɓawa.

Dagacin wancan lokaci mutumin kirki ne, Allah Ya jiƙansa, kuma yana son babanku. Da kansa ya tako bayan sallah, ba ɗan rakiya. Ina bayan ƙofa, kana goye a bayana ina jijjiga ka don kada ka yi kuka. Malam ya yi masa bayani tun daga zancen Kofur har zuwa randa.

"Na yarda da kai, Malam," in ji Dagaci. "Ko ba ka faɗa ba na yarda. Amma jama'a abin da suka gani suke bi. Gobe bayan La'asar ka fito da su ƙofar masallaci a sa musu wuta. Ba sai ka ce uffan ba. Juma'a mai zuwa a naɗa ka."

"Ranka ya daɗe, in na ƙone su, me na gaya wa mutane?"

"Ka gaya musu ba ruwanka da giya."

"A'a, ranka ya daɗe. Na gaya musu an kama ni da laifi na tuba. Ƙarya ce, kuma da ita zan hau mumbari. Sannan duk macen da ke yin zoɓo da kunu a garin nan tana zuba na jiya a na yau. In littafin ya zama abin ƙonawa, abin da na samo a ciki ma ya ƙone, ba mai karɓa daga bakina."

"Ka faɗa a wa'azi mana, ba sai ka ce ga inda ka samo ba."

"Za a tambaye ni, ni kuma zan faɗa."

Na ji Dagaci ya yi ajiyar zuciya. "Ka san ba zan ɗora wa mutane limamin da zuciyarsu ba ta kwanta da shi ba."

"Kada ma a ɗora musu. Haƙƙinsu ne."

Dagaci na fita na faɗa zauren ko sallama babu.

"Malam, takarda ce fa! Ka riga ka karanta, abin yana kanka. Ka ba su su ƙona mana!"

"Ban gama na ukun ba," in ji shi.

Na rantse da ba ka bayana, ban san abin da zan yi ba. Da ya ga na cika na batse, ya ce in zauna.

"'Yar Gwarzo, ina son limancin nan, kada ki ɗauka ba na so. Tun ina yaro nake haddace huɗuba. Amma mutanen da suka rubuta waɗannan ba su san ni ba, ba addininmu ɗaya ba, kuma sun tsare mini bakin masu azumi. Ba zan saka musu da wuta don a ba ni rawani ba."

Na yi kwanaki ina ajiye masa tuwo ba magana. Ina son a ce mini matar Liman, kuma har yau in na tuna raina yakan sosu. Aka naɗa wani, wannan Liman namu na yanzu, lokacin yana matashi. Malam ne ya fara zuwa yi masa murna. Duk Juma'a yakan riga kowa zuwa, ya zauna a sahun gaba. Kofur ya gaya mini in Liman na huɗuba leɓɓan babanku na motsi, suna riga shi kaiwa ƙarshen kowace jimla. In ya dawo kuwa ba ya cin abinci nan da nan, yakan zauna shi kaɗai a gindin darbejiya, ni kuma na koyi in ƙyale shi. Bai taɓa cewa komai a kan haka ba har ya bar duniya.

Shi Kofur ya zo ya durƙusa a zaure yana kuka kamar ba soja ba, wai bakinsa ne ya jawo. Malam ya ce bakinsa ne ya yi mana rana. Daga nan ya ɗauki aikin da ba wanda ya sa shi: kullum da yamma ya zo ƙofar gida, ya buɗe kwalba, ya sha a tsaye inda kowa zai gani.

"Jama'a, a garin nan ba wanda ya kai ni sanin giya. Wannan ko hanyar garinsu bai sani ba!"

Abin dariya, shaidarsa aka fi yarda da ita. Masu saye suka dawo da ɗaɗɗaya, yara suka koma makaranta. Bazara ta zagayo, na kowa yana tsami kafin La'asar, nawa yana kwana lafiya lau. Uwargidan Dagaci ce ta fara aiko 'yarta ta ga yadda nake yi. Sai mata suka riƙa shigowa, Malam yana bayan labule yana bayani, ni ina nunawa a murhu, kuma duk wadda ta tambayi inda ya samo sai ya faɗa mata. Wasu suka yi salati suka fita, suka dawo daga baya da tukunyarsu. 'Ya'yansu suka yi aure a Gude da Gammo da Kabo, suka tafi da shi. Dahuwar Malam suke ce masa. Yaran yanzu masu firji ma haka suke yi, ba su san mafari ba. Zoɓon da mata suka yi ta kawowa a zaman makoki, wanda ka riƙa miƙa wa baƙi cikin zafin nan har yamma bai canza ba, daga akwatin nan ya fito.

Saura abu ɗaya. Ranar da Malam ya cika, ka leƙo ɗakina ka ce masu wanka sun ce a sa rawani a cikin likkafani. Na buɗe adudu na zaro maka wani fari daga can ƙasa, linkinsa ya yi rawaya-rawaya don daɗewa. Ka jujjuya shi a hannu.

"Umma, wannan ai ba a taɓa naɗa shi ba. Na waye?"

"Na babanka ne," na ce maka, ban ƙara ba.

Shi ne na kasuwar Gwarzo. Sau da yawa na so in ba shi ya naɗa ko da ranar Idi ce, in na ɗauko sai in kasa, don na san zai gane abin da aka sayo shi dominsa. Bai san da shi ba har ya rasu. Kai ka naɗa masa da hannunka, Liman ya sallace shi.

Littattafan suna ɗakina yanzu, na sake musu sabuwar riga. Ba na karanta Turanci, amma nakan hura 'yar takardar nan in kalli tsohon mai kunne a ganga, in tuna wani siririn mutum sunkuye a kan randata. Dagacin gari da kansa ya roƙi babanka ya ƙone su, shi kuwa babanka ya zaɓi ya bi wani limamin sallah har ƙarshen ransa. In ka karanta wannan har ƙarshe kana nan a kan bakanka, ba zan yi maka musu ba, kai ne babba yanzu. Sai dai ba zan aiko maka da su ba. Ka zo da kanka, da hannun da ka naɗa masa rawanin, ka karɓa daga nawa.